Kuɗin Fansa: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Fabrairun 2017 aka sace wani attajiri mai kamfanin magunguna a Legas. Danginsa suka haɗa Yuro 223,000 suka miƙa, amma ba a sake shi ba. Sai da ya kusa wata uku a tsare sannan Allah Ya ba shi sa'a ya tsere, kuma tserewar tasa ta taimaka wa 'yan sanda suka kama wanda ya sace shi, Chukwudumeme Onwuamadike, wanda aka fi sani da Evans, a gidansa na Magodo a watan Yuni. Babbar Kotun Ikeja ba ta yanke masa ɗaurin rai da rai ba sai Fabrairun 2022. Wata biyu bayan haka Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin ɗaure duk wanda ya biya kuɗin fansa aƙalla shekara 15. Wato hukumar da ba ta ceto mutumin ba, wadda shari'ar wanda ya sace shi ta ci mata kusan shekara biyar, ita ce ta nemi a riƙa gurfanar da dangin da suka biya kuɗin fansa.

Masu goyon bayan ƙudirin suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Kuɗin fansa su ne jarin wannan mummunar sana'a, da su ake sayen bindigogi da babura, ana sallamar masu kai rahoto. Sukan kuma kawo misalin Italiya, wadda a 1991 ta yi dokar rufe dukiyar iyalan wanda aka sace. Amma can hukuma ta ɗauki nauyin ceto da bincike, sannan ta ce wa iyali su dakata. Mu nan, ɗan kasuwar Kantin Kwari da aka tare a hanyar Birnin Gwari, wa zai shiga daji ya ɗauko shi? Tsoron ɗauri ba zai hana uwa sayar da gona don ɗanta ba. Abin da zai hana shi ne kai ƙara wurin 'yan sanda, sai cinikin ya koma ɓoye gaba ɗaya.

Inda ya kamata a matsa shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Ta waya ake cinikin fansa, alhali tun ƙarshen 2020 aka tilasta wa jama'a haɗa layukansu da lambar NIN. Dillalan gidaje kuma doka ta wajabta musu yin rajista da sashen SCUML na EFCC da kai rahoton cinikin da suke zargi. Evans a unguwar masu hannu da shuni ya zauna, ba a daji ba. A fara tambayar waɗanda suka sayar masa da gida da motoci, da bankin da ya riƙe masa kuɗi.