Mai Ƙarfi Ya Daɗe a Gaba, Kada Ya Ƙara Gudu

Mai karatu, idan kana motsa jiki tare da abokai, ga darasi daga gasar tseren keke ta Tour de France. A shekarar 2019, a birnin Brussels na Beljiyam, kowace ƙungiya mai mahaya takwas ta yi gudun kilomita 27.6 ita kaɗai, agogo yana auna ta. Lokacin da ake rubuta wa ƙungiya shi ne na mutum na huɗu da ya tsallake layi, ba na farko ba.

Shi ya sa mahayan suke jeruwa, na gaba yana tare wa sauran iska, sannan ya koma baya ya huta. Wanda ya fi ƙarfi ba ya ƙara gudu, sai dai ya daɗe a gaba. In ya fizga, ya watsar da 'yan'uwansa, kowa ya yi asara.

A ganina, haka ya kamata tattakinku na safe ya kasance. Mai ƙiba ko mai hawan jini da kuka bari a baya yana haki, gobe ba zai fito ba, alhali shi ya fi kowa bukatar fitowa. Ku daidaita sauri yadda kowa zai iya magana yana tafiya. Wanda bai gaji ba, ya ƙara zagaye bayan an watse. Sannu ba ta hana zuwa.