Hukuncin dasa gilashin ido da sauran na'urori a cikin jiki

Tambaya:
A yankinmu na Gagarawa da Gumel wasu dattawa masu yanar ido suna ƙin aikin asibiti, suna cewa roba ake saka wa mutum a ido, kuma baƙon abu ruɓewa yake yi a jiki. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ya halatta?

Amsa:
Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: tsoron nan yana da tushe, domin jiki yana yaƙar baƙon abu da kumburi da ruwa. Shi ya sa masu ƙera waɗannan kayayyaki suke neman abin da jiki zai zauna da shi lafiya. A yaƙin duniya na biyu likitan ido Harold Ridley ya lura cewa ɓarɓashin robar gilashin jirgi da ya shiga idon matuƙa bai jawo kumburi ba. Da irin wannan robar ya dasa gilashin ido na farko a Landan a 1949. Haka ƙarfen titaniyom: ba ya tsatsa, ƙashi kuma yana manne masa, don haka ake gyaran karaya da shi.

Na biyu: Sunna ta zo da wannan ma'auni. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfajah ɗan As'ad, Allah ya yarda da shi, sai ya sa na azurfa, ya yi wari. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza. Saboda haka dasa gilashin ido halal ne, kuma ba ya taɓa ingancin alwala ko wanka.

Na uku: inda ake bukatar bincike shi ne abin da aka samo daga alade, kamar marfin zuciya, ko zuciyar da aka dasa wa wani majiyyaci a Maryland ta Amurka a Janairun 2022, ya rayu wata biyu. Malamai da dama sun taƙaita wannan ga lalura, idan babu na saniya ko na ƙarfe da ya dace. Sai a tambayi likita asalin abin tun kafin aiki.

Na huɗu: haɗarin gaske yana wajen masu tura yanar cikin ido da tsinke a gida, domin sau da yawa hakan yana ƙarewa da makanta. Wajibi ne 'ya'ya su kai iyayensu asibiti.

Allah ne Mafi sani.