Darasin da yaro ke so shi ke biyo shi gida

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, gidajen Malanville sai su ɗauki muhawara: me yaro zai karanta a jami'a? Uba ya ce shari'a, kawu ya ce likitanci, inna ta ce ko ma mene ne, in dai zai zauna ofis. Wanda ba a cika tambaya ba shi ne mai zaman ajin. Ni a ganina nan ake tafka asara, domin darasin da ɗalibi ya ƙaunata shi ne ke biyo shi har gida. Sauran a takarda suke tsayawa.

Da yawan yaranmu Jami'ar Paraku suke nufa, wadda aka buɗe a 2001, tafiyar fiye da kilomita 300 daga nan. Wasu su zarce Abomey-Calavi, kusa da Kwatano. Kafin a miƙa wa mutum lisansi sai ya yi zango shida a shekara uku, ya ratsa darussa barkatai. Idan waɗanda na koyar a firamare suka zo gaishe ni, nakan tambaye su wanne ya fi kwanta masu a rai, kuma me ya tsinana masu.

Wani da ya karanta noma ya ce mani ilimin ƙasar shuka ne. A can ya gane cewa takin yuriya, idan aka zuba shi gaba ɗaya a fadamar shinkafa, ruwa da iska ke kwashe kaso mai yawa tun shuka ba ta ci ba. Sai a raba shi kashi biyu ko uku, a bi girman shukar. Garin da ke da filin noman rani na fiye da hekta 500 a bakin Kwara, ai wannan magana kuɗi ce a aljihun mahaifinsa.

Wata da ta karanta tattalin arziki ta ce lissafin kasuwanci ya fi burge ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar da ke haɗa mu da Gaya, kaya suka koma ƙetarewa a kwalekwale. Ita ce ta zauna da littafin shagon mahaifiyarta, ta haɗa kuɗin dako, na fito da na 'yan lodi a kan kowane buhu, sai ga shi wasu kayan da ake zaton suna kawo riba ashe uwar kuɗi suke ci. Suka bar su.

Na ukun ilimin harsuna ya so, abin da aka riƙa yi masa dariya a kai. Shi ya nuna mani yadda jan wasali kaɗai ke raba garin da muke zaune ciki da garin tuwo, kuma yaron da ya taso da Dandanci ko Hausa kunnensa ya saba da irin wannan bambanci, wanda Faransanci bai damu da shi ba. Yau yana koyar da karatu, kuma ya san inda yaro zai yi tuntuɓe tun bai kai wurin ba.

Na san abin da za a ce mani: Malam, so ba ya cika tukunya. Gaskiya ne. To amma takardar da aka yi bisa tilas fa, ita tana cikawa? Tun 2019 da gwamnati ta fara ɗaukar malaman da ake kira AME, masu lisansi na fannoni daban-daban suka cika layin nema, saboda kujerun ofis ba su kai yawan masu takarda ba. Ranar da ofis ya ƙi samuwa, abin da ya zauna a kai kaɗai ke rage wa mutum. Kuma ba abin da ke zama a kai kamar wanda aka koya da marmari.

Ba ina cewa a sakar wa yaro linzami ba ne. Shawara haƙƙin iyaye ce, albarkarsu kuma ita ce gaba. Amma kafin a yanke, Alhaji, a zaunar da shi a ji wane darasi yake kwana a kai ba tare da an ce ya yi ba. Sannan a tambaye shi: wannan abin, wa zai amfana da shi a nan, tsakanin kasuwa, fadama da bakin ruwa? In ya iya ba da amsa, a sa masa albarka ya tafi.

Mu ma malamai da namu aikin. Mu muke fara ganin inda idon yaro ke haske, tun yana aji huɗu ko biyar. Mu faɗa wa iyaye da wuri, tun icce yana ɗanye. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.