Manomin Peru Da Kamfanin Lantarki Na Jamus

Jama'a, mun saba jin ana cewa talaka ba ya ja da mai kuɗi. To, ga wata shari'a da ya kamata kowa a wannan kwaleji ya san ta, gama ta shafi zafin duniya da ke ƙaruwa.

A ƙasar Peru, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani gari ana ce da shi Huaraz, a gindin duwatsu masu ƙanƙara. Bisansa akwai tafkin Palcacocha, wanda ya ɓalle cikin 1941, ruwa da laka suka halaka mutum fiye da dubu. Yanzu ƙanƙarar tana narkewa, tafkin ya sake cika. Sai wani manomin garin, Saúl Luciano Lliuya, ya ji wa gidansa tsoro. Cikin 2015 ya kai ƙarar RWE, wani babban kamfanin lantarki na Jamus mai ƙona kwal, gaban alƙalan Jamus. Hujjarsa ita ce hayaƙin kwal yana taruwa a sama kamar bargo, yana riƙe zafin rana.

Abin da ya nema ba shi da yawa. Masana sun lissafta cewa cikin hayaƙin da masana'antun duniya suka tura sama tun farkon zamanin injuna, wajen kashi 0.47 cikin ɗari na wannan kamfani ne. Saboda haka ya ce kamfanin ya biya daidai wannan kaso na kuɗin tsare garin, watau wajen Yuro 17,000.

Kotun birnin Essen ta kori ƙarar cikin 2016. Ya ɗaukaka, kotun Hamm ta ce a kawo shaida, har alƙalanta suka je Peru cikin 2022 suka ga tafkin da idonsu. Ran 28 ga Mayu 2025 suka yanke hukunci, manomi ya faɗi, domin masanin da kotu ta naɗa ya ce hatsarin ruwa ya kai gidansa cikin shekara 30 kamar kashi 1 ne cikin ɗari. Amma fa alƙalan sun ce bisa dokar Jamus ana iya ɗora wa kamfani mai yawan hayaƙi alhakin kasonsa, ko da ɓarnar tana wata nahiya.

A ganina wannan magana tasu gaskiya ce. Waɗansu za su ce ai kowa yana ta da hayaƙi, har mai dafa tuwo, ina za a san na wa ya narkar da ƙanƙara? To, in garke goma suka shiga gonar mutum suka cinye dawa, alƙali zai sallami makiyaya don suna da yawa? A'a, kowa zai biya gwargwadon shanunsa.

Waɗansu kuma za su ce aikin gwamnati ne, ba na kotu ba. Haka Kotun Ƙoli ta Amurka ta gani cikin 2011, sa'ad da waɗansu jihohi da birnin New York suka kai ƙarar kamfanonin lantarki biyar, ta ce doka ta ba hukumar kula da muhalli wannan aiki. Hakika tsare hayaƙi aikin hukuma ne. Amma wanda ruwa ke barazanar cinye gidansa, in hukuma ta yi jinkiri, ina zai kai kukansa in ba gaban alƙali ba?

Ku lura da abin da ya ka da manomin nan: shaida ce ba ta kai ba. Mu ma mun ga ambaliyar Neja da Binuwai cikin 2012 da 2022. Saboda haka, 'yan'uwa, duk makarantar da aka tura ku, ku kafa ma'aunin ruwan sama, ku sa yara su riƙa rubuta abin da ya sauka da ranar da kogi ya cika. Ran da garinku zai nemi hakkinsa, littafin nan za a tambaya. Allah ya kiyashe mu.