Kimiyya Ba Ta Shiga Ta Kunne Kaɗai

A kwanakin baya na ziyarci wani aji na ƙaramar sakandare, na tarar da malami, mutum mai himma wanda ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, ya cika allo tun daga sama har ƙasa da bayanin sinadarai masu tsami da kishiyoyinsu, yara suka kwafe, sa'an nan suka rera shi da Turanci da murya ɗaya, ba gargada ko kaɗan. Da aka tashi, na tambayi wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya, ko tsamiyar da ake dama kunu da ita a gidansu tana cikin wane kashi daga cikin biyun. Ta yi jim, ta ce, "Malam, ba a ba mu wannan ba." Amsar nan ta daɗe tana ci mini rai, domin yarinyar ba ta gaza a kome ba, abin da aka ba ta shi ta riƙe, ta kuwa riƙe shi da amana.

Ba na raina hadda, kuma duk wanda ya tashi da allo da tawada ya san falalarta, domin akwai matanin da lafazinsa shi kansa abin kiyayewa ne. Amma ko a zaure, shaihi ba ya sallamar almajiri da matani tsura sai ya bi shi da fassara da sharhi da mas'aloli, balle ilmin da hujjarsa mushahada ce da tajriba. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra, ya rayu a Alƙahira, ya rasu wajen shekarar 1040, da ya so ya san hakikanin gani bai tsaya ga taƙalidin magabata ba; sai ya rufe ɗaki ya yi duhu, ya bar 'yar kafa, ya tabbatar da idonsa cewa haske a miƙe yake tafiya, kana ya rubuta Kitabul Manazir.

Ciwon nan na hadda ba fahimta kuwa ba mu kaɗai ya kama ba. Wajen 1990, Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya jarraba ɗalibansa da tambayoyi masu sauƙin lafazi game da motsi da ƙarfi, sai ya tarar cewa da yawa daga cikin masu warware lissafi mai wuya ba su fahimci ma'anar abin da suke lissafawa ba. Saboda haka ya rage lacca, ya koma yana jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsarsa, sa'an nan ya juya ga na kusa da shi su yi muhawara har ɗaya ya gamsar da ɗaya. A 2014, Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kan koyar da kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i, natijar kuwa ita ce, inda ake lacca zalla kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda kuwa ake sa su aiki da tattaunawa a cikin aji, kimanin kashi 22.

To, muhawara ba ta yiwuwa da harshen da yaro ke tsoron buɗe baki a cikinsa. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya soma gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, har da kimiyya, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

Na san uzurin da za a kawo, cewa babu ɗakin gwaji, babu kayan aiki, aji kuma ya cika ya batse. Uzuri ne na gaskiya, kuma haƙƙin yana wuyan hukuma. Sai dai darasin da na ji ana rerawa a ranar nan, kayansa suna nan a kasuwar ƙauye. A jiƙa zoɓo, a tace, a zuba ruwansa a kofuna uku. A matsa lemun tsami a na farko, jansa zai ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take zai yi duhu ya koma kore-kore. Na uku a bar shi yadda yake domin a riƙa gwadawa da shi. Kafin a ɗiga kome, malami ya tambayi yara abin da suke tsammani, ya sa su rubuta, domin wanda ya yi hasashe ya ga ya kuskure ba ya mantawa. Daga nan su da kansu za su kawo ruwan toka da sabulu da tsamiya da nono, su kuma gane dalilin da ya sa uwayensu ke jefa kanwa a miyar yakuwa. A sa'an nan ne sunan Turanci, in ya zo, zai tarar da ma'ana tana jiransa.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalejojin horon malamai, domin wanda aka koya wa kimiyya da shibta, da shibta zai koyar. Ina roƙon masu tsara manhaja da kada a ba ɗalibin malanta shahada a wannan fanni sai an gan shi, a gaban yara na gaske, ya gudanar da gwaji da kayan da ya samo da kansa, ya kuma iya haƙurin yin shiru har yaran su faɗi abin da suka gani. Masu shirya jarrabawa su ma su ware maki na sosai ga abin da yaro ya aikata da hannunsa, tun daga firamare, domin abin da ake tambaya a ɗakin jarrabawa shi malami yake koyarwa a aji.