Kafin a Ɗaga Gatari: Haƙƙin Bishiyar Tsakar Gida

Da zarar magidanci ya samu wadata ya yi niyyar ƙara ɗaki ko shafe tsakar gida da siminti, bishiya ce ke fara ɗanɗana kuɗarta. Gwaibar da yara suka saba tsinka, da lallen da uwargida ta raina a gindin katanga, da ɗan lemun tsamin da bai fara 'ya'ya ba, duk sai a kira mai gatari ya gama da su kafin azahar. A ganina, sara shi ne matakin ƙarshe. Matuƙar shuka na da sauran ƙuruciya, sauya mata wuri ya fi dacewa da Musulmi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) hadisin da ke nuna cewa mai shuka yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta. Wanda ya sare gwaibarsa babu larura ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Ɗalibai kuma sun san ƙissar Salmanul Farisi (RA), wanda aka sharɗanta masa dabino 300 cikin kuɗin fansar kansa. Sahabbai suka tara masa ƙananan dabinai, ya haƙa ramuka tukuna, sannan Manzon Allah (SAW) ya dasa su da hannunsa mai albarka. Darasin a fili yake: dashe aiki ne da ake yi wa shiri.

Shirin yana farawa da lokaci. A ƙasar Hausa, a jira damina ta kankama, wajen Yuni zuwa Yuli, kuma a yi aikin da yamma. Shukar da aka tumɓuke a tsakiyar bazara ko cikin iskar hunturu da wuya ta rayu. A shayar da ita kwana guda kafin cira, a haƙa sabon ramin ya ninka faɗin saiwarta, sannan a ciro ta tare da ƙasar da ke riƙe da saiwar. Kada a binne ta fiye da zurfin da take a da. A rage mata ganye, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, a kuma lizimci ban-ruwa har ta fitar da sabon toho. Zogale da lalle sun fi sauƙi, reshensu ma yana kamawa. Mangwaro kuwa saiwarsa na nitsewa ƙasa, sai yana ƙarami yake jure ƙaura.

Zaɓen sabon wurin ma amana ne. Darbejiya ko mangwaro da aka dasa jikin katanga, ko kusa da rijiya da ramin masai, nan da 'yan shekaru saiwarsu za ta tsaga gini, rassansu su riƙa zubar da ganye a gidan wani. Zumunci nawa ya lalace a kan reshe ɗaya? Bai kamata neman lada ya zama cutar da maƙwabci ba. Manyan itatuwa a ba su fili nesa da iyaka, furanni da lalle su riƙe gefen katanga.

Wani zai ce filin gidan birni ƙarami ne, ruwa kuma na kuɗi. Gaskiya ne. Amma ruwan alwalar mutanen gida, sau biyar a yini, ya isa ya raya ƙaramar shuka idan aka dasa ta inda yake gangarawa. In kuma gidan ya cika, ga harabar masallaci, ga makarantar Islamiyya, inda yara ke karatu cikin rana.

Ya ɗan'uwa, kafin ka kira mai gatari, nemi mai shebur. Allah Ya sa abin da muka dasa ya amfane mu duniya da lahira.