A Gyara Gida, Amma A Bar Zaure Da Bishiya



Bara muka tare a gidan da kakanmu ya bari a bayan gari, wajen Kumbotso. Da can gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, da zaure, da rijiya, da wata babbar darbejiya a tsakar gida. Baba ya yi shekara biyu yana gyara shi da kaɗan-kaɗan. Yanzu akwai falo, da kicin, da banɗaki na zamani, da tankin ruwa, da sola. Gaskiya na ji daɗi. Umma ta huta da hura itace a cikin ruwan sama, mu mun huta da jan guga, kuma ina karatu da daddare ba da tocila ba.

To amma mun yi asarar abu biyu, kuma a ganina bai kamata ba.

Na farko shi ne sanyi. Magina sun rushe ɗaki biyu, suka sa bulo da rufin kwano. An sare darbejiya don a sami wurin ajiye mota, aka malale tsakar gida da siminti. Da watan Afrilu ya zo, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, sai sababbin ɗakunan suka zama kamar tanda. Kun san inda muke gudu? Ɗakin Hajiya Kaka, wanda ta hana a taɓa. Bangonsa na tubali ne mai kauri, rufinsa na azara. Malamin kimiyya ya yi mana bayani cewa bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi, shi kuwa kwano nan da nan yake ɗauka.

Na biyu shi ne zaure. An mai da wurinsa ƙaton get na ƙarfe. Da, a zaure Baba ke karɓar baƙi, a nan maƙwabta ke cin tuwo tare da shi. Yanzu baƙo sai ya tsaya a rana yana buga get, maƙwabtan ma sun rage zuwa.

Wani zai ce ai gidan ƙasa zubewa yake yi da damina. Haka ne, idan an daina yi masa yaɓe, ko an bar indararo ya toshe. Amma ku je Gidan Makama a cikin birni ku gani. Ginin ƙasa ne mai tarihi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma yana nan tsaye saboda ana kula da shi.

Ra'ayina shi ne, a kawo famfo da wuta da banɗaki mai tsafta, amma kada a rushe abin da ke da amfani don kawai tsoho ne. Wanda zai sa kwano ya sa sili da manyan tagogi, ya bar bishiya, ya bar wurin baƙo.

Baba yana shirin rushe ɗakin Hajiya Kaka baɗi. Na roƙe shi ya bari, ya ce zai duba. Kafin nan, ni da ƙanena mun dasa sabuwar darbejiya a ƙofar gida, kullum muna ba ta ruwa kafin mu taho makaranta.

Daga wata ɗalibar aji 2, ƙaramar sakandare